Na sauya bututun gidana, ruwan yana warin gam: akwai haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da gida a Agege. Bututun ƙarfen da ke ciki sun yi tsatsa har ruwa yana fitowa ja, sai mai gyaran famfo ya cire su ya sa na roba. Yanzu kuma ruwan warin gam yake yi. Akwai haɗari ga yara? Kuma wace hukuma ce ke sa ido kan irin waɗannan kaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Warin gam shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Sinadarin da ke narkar da bakin roba don ya haɗe yana bushewa ya tashi. A bar famfo ya zuba sosai na 'yan kwanaki, a yi wanki da ruwan, kada a sha. In warin ya ƙi tafiya, to an cika gam ne ko ba a bari ya bushe ba, a kira mai gyaran ya dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda hanci ba ya ji, wato dalma. Ba ta da wari, ba ta sauya launin ruwa, tafasawa kuma ba ta cire ta. Mu 'yan Arewa mun san aikinta tun 2010, lokacin da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara. Ta cikin famfo kaɗan-kaɗan take shiga, amma taruwa take yi a jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa iyaka a kan maikirogiram 10 na dalma a kowace litar ruwa (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram).

Ta ina take shigowa? Ta kan famfo da mahaɗai na tagulla marasa inganci, ta dalmar da ake like bututun jan ƙarfe da ita, da wasu bututun roba irin na PVC da aka sa wa dalma a masana'anta don su jure zafi. Nan ne masu neman araha ke cutar mutane. A kasuwa akwai bututun wayar lantarki, akwai na ruwan datti, akwai na ruwan sha, kuma duk kama suke yi wa wanda bai sani ba. Ka je da kanka, Alhaji, ka karanta rubutun da ke jikin wanda aka sa maka. Bututun kirki yana ɗauke da sunan kamfani, girmansa, ƙarfin matsin da yake ɗauka, da tambarin NIS, wato shaidar cika ma'aunin inganci na Najeriya. Wanda ya zo fari fat ba rubutu, ni ba zan sha ruwansa ba. In so samu ne, bututun roba irin na PPR na fi so, domin da zafi ake haɗa shi, ba ruwansa da gam.

Batun hukuma kuwa, SON, wato hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ita ce ke kula da ingancin kayan, na gida da na waje, ita ce kuma ta fitar da ma'aunin ruwan sha na ƙasa, NIS 554. NAFDAC ruwan leda da na gora take bi. Legas tana da hukumarta, LASWARCO, mai sa ido kan masu samar da ruwa. Amma ba a bi gida-gida ana duba abin da aka binne a bango, alhali yawancinmu a nan burtsatse muke sha. 

Kafin komai, ka ɗebi ruwan farko na asuba, wanda ya kwana a bututu, ka kai ɗakin gwaji a auna dalma. Har sakamako ya fito, a riƙa barin famfo ya zuba minti ɗaya ko biyu kafin a ɗebi na sha, musamman na dama kunun jariri.