Ga 'yar'uwar da aka ce ta cire hijabi a wurin aiki

Salamu alaikum. 'Yar'uwa, ina karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na ɗan zauna, don kamar labarina kika rubuta. Kin ce mai shagon ya ba ki zaɓi, ko ki cire hijabi in kina gaban kanta ko ya mayar da ke baya ya rage miki awanni, kuma wani ya gaya miki tunda ku takwas ne kacal a shagon, doka ba ta hau kansa ba.

Wanda ya gaya miki haka rabin magana ya sani, kuma wannan rabin ne ya cuce ni. Dokar tarayyar Amurka ta 1964, mai hana wariya a wurin aiki, ita ce ba ta kama mai aikin da bai kai ma'aikata 15 ba. Amma jihar Niyok tana da tata dokar daban tun 1945, ita ce ma jihar farko a Amurka da ta hana wariya wurin ɗaukar aiki, kuma daga Fabrairun 2020 ko mutum ɗaya ka ɗauka aiki ta hau kanka. A 2019 gwamna Cuomo ya sa hannu a gyaran da ya ambaci suturar addini da gemu ƙarara. Sai dai in mai aiki ya nuna barin ki da hijabin zai jawo wa kasuwancinsa wahala ta gaske. Wace wahala mayafi zai jawo wa mai karɓar kuɗi a kanta?

Ni a 2018 abin ya same ni, a wani ƙaramin gidan abinci, mu tara. Sama da shekara ina aiki lafiya, sai aka kawo sabuwar manaja. Ranar da ba zan manta ba, layi ya cika da tsakar rana, matar nan ta zo ta bayana ta kama bakin mayafina da yatsu biyu, kamar ta ɗauko tsumman goge ƙasa, ta ce wai kwastomomi suna tambaya ko akwai tsafta a ƙarƙashinsa. A gaban jama'a fa! Yarinyar da a haife na haife ta. Wallahi har yau in na tuna yatsun nan, da jan farcenta, sai in ji wuyana ya yi zafi. Ban ce uffan ba, na gama sallamar mutumin da ke gabana, na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska na dawo. Sati na gaba ta mayar da ni wanke-wanke. Satin da ya biyo baya, kwana biyu ta sa min a jadawali maimakon biyar. Ba ta taɓa cewa ta kore ni ba, rashin kuɗin haya ne ya kore ni. Kuma kullum da murmushinta, har tana tambayata lafiyar yara.

Na kira hukumar tarayya mai karɓar ƙarar wariya a wurin aiki, aka tambaye ni mu nawa ne, na ce tara, aka ce ba hurumminsu ba ne. Na ɗauka magana ta ƙare. 'Yan gida kuma kowa da nasa, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah, kada ki ja wa mijinki matsala a ƙasar mutane. Na san don ƙauna suke faɗa, amma haƙurin nan ne ya cinye min lokaci. Sai bayan wata goma sha huɗu wata mata a masallaci ta gaya min akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jiha, babban ofishinta ma a Fordham Plaza yake, nan Bronx, inda nake wucewa a bas kusan kullum. A lokacin shekara ɗaya ce wa'adin kai ƙara can. Na makara da wata biyu. Kotu ta rage, ni kuma ina na ga kuɗin lauya?

Ke kin fi ni sa'a, abin da ya faru daga 15 ga Fabrairun 2024 shekara uku ake bayarwa. Amma kada ki ga uku ki miƙe ƙafa, shaidu suna barin aiki su canja lamba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin Niyok kuma har yanzu shekara ɗaya ce a irin wannan. Daga yau ki sami littafi ki riƙa rubuta rana da lokaci da abin da ya ce da wanda ke wurin. Ki ɗauki hoton jadawalin kafin ya rage da bayan ya rage. Ki tura masa saƙo a rubuce, cikin ladabi, cewa hijabinki addini ne kuma kina so ki ci gaba da aikinki a gaba, ki adana amsarsa. Ni duk da baki muka yi, ba ni da ko layi ɗaya.

Kai ƙara a hukumar jiha kyauta ne, ba sai da lauya ba. Sai dai ki sani, in kika shigar can, galibi ƙofar kotu ta rufe a kan wannan maganar, don haka ki fara jin ta bakin lauyoyin agaji ko mutanen CAIR, ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi a Amurka, kafin ki zaɓa. In ya kore ki don kin koka, wannan wani laifin ne daban. Kada dai ki ajiye aikin da kanki cikin fushi yadda na yi.

Af, masu tsoron maganar takardu, tun ƙarshen 2022 dokar jihar ta hana wariya a kan matsayin takardun zama ma. 

In kin yanke shawarar zuwa Fordham ki yi min magana, ranar Talata ba na aiki, sai in raka ki.