Amsoshin Tambayoyi: Salatef Mai Ruwan Zuma da Kwalbar da Aka Yi wa Alhaji Talla

Wani yaro mai koyon gyaran waya a unguwar Mokoyo ya rubuto cikin damuwa cewa ya rufe gefen injin wayar kwastoma da salatef mai ruwan zuma kafin ya hura iska mai zafi, amma salatef ɗin ya tsuke ya narke, har soket ɗin sikirin ya lalace, kuma yana tsoron maigidansa zai sallame shi.

Ɗana, ka kwantar da hankalinka, domin kayan ne suka ci amanarka. Salatef na ainihi ana yin sa da roba mai suna poliyimid, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar da sunan Kapton a shekarun 1960, kuma tana jure zafin da ya kusa digiri 400. Dalmar da ake liƙa kayan injin waya da ita, mai guba tana narkewa a digiri 183, marar guba a wajen 217, saboda haka na ainihi ba shi da dalilin motsawa. Wanda ka samu robar kwalbar ruwa ce aka rina, tana narkewa a wajen digiri 250, tana kuma fara tsukewa tun kafin nan. Abin da yake ƙona mini rai shi ne masu gida da suke tura yara Babbar Kasuwa su ce a kawo mafi araha, sa'an nan idan wayar jika hamsin ta lalace a ɗora wa yaro laifi. Kafin ka biya, ka yanko ɗan guntu ka ɗora masa bakin ƙarfen dalma mai zafi a gaban mai shagon. Idan ya huje ko ya naɗe, ka ajiye masa kayansa. Idan ya hana ka gwadawa, ka wuce gaba. Ka kuma yi wannan gwajin a gaban maigidanka.

Wani Alhaji daga Tibiri yana tambaya ko ya sayi kwalbar da aka ce masa poliyimid ne mai jin haske, wai zai zana wa injin waya sababbin layuka da ita.

Alhaji, kada ka ba da ko dala. Sinadarin yana nan, amma a masana'antun ƙwaƙwalwar na'ura ake aiki da shi: a shimfiɗa shi da kaurin da bai kai silin gashi ba, a haska masa hasken ultrabayolet ta cikin zane, a wanke inda ba a so, sa'an nan a gasa shi a zafin da yakan wuce digiri 300. Shi kansa wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, kariya ce kawai, kuma a firiza ake ajiye shi. Abin da ya wuni bisa teburin mai talla a cikin zafin ranar Maraɗi, iyakarsa ya zama koren man rufe layi da ake busarwa da 'yar fitila.

Mai tambaya ko baƙin salatef na wayar lantarki zai maye gurbin salatef mai ruwan zuma, ba zai yi ba, domin yana yin laushi tun kafin zafi ya kai na tafasar ruwa.