Wace rigar ruwa ce ta dace da mai su a tafkin Kainji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a Yawuri, ina jefa birgi, wato ragar jifa, ina kuma kafa kalli, wato ragar da ake girkawa a ruwa, da kwale-kwale. Kowace damina sai na sayi rigar ruwa ta leda, amma kafin Agusta ya ƙare ta yage, ga shi in na sa ta sai in jiƙe sharkaf da zufa. Yanzu na ga wata a gwanjo an rubuta mata Gore-Tex. Mai kayan ya ce ruwa ba ya shigarta, zufa kuma tana fita, sai dai kuɗinta ya ninka na leda sau da yawa. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a. Shawarata ka haƙura da ita, ka nemi ta roba mai kauri wadda aka shimfiɗa a kan yadi.

Mai kayan bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba. Gore-Tex wani siririn shafi ne da ake mannawa a cikin riga, wanda wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano a 1969. Yana da ƙofofin da ido ba ya gani, ɗigon ruwa ya fi ƙarfinsu, tururin jiki kuwa yana wucewa. Amma tururin nan ba ya fita da kyau sai iskar waje ta fi wadda take cikin rigar bushewa da sanyi. Shi ya sa take yi wa mai hawan dutse a Turai aiki. Kai kuwa a tsakiyar tafki cikin Agusta, iskar kanta cike take da danshi, ga zafi, ga ka kana jan raga. Zufa za ka yi, ko nawa ka biya. Ƙari a kan haka, yauƙin tarwaɗa da laka da baƙin man inji suna toshe fuskar yadin, kuma ƙayar ƙurungu ɗaya ta isa ta huda shi. Ta gwanjo ma ta riga ta ci zamani. In ranka ya biya, juya cikinta ka murza da yatsa. Ka ga farin gari yana zuba, ko shafin yana ɓarewa, to ta mutu, sunan kawai ya rage.

Masuntan Norway, da suke kwana a teku cikin sanyin da ba mu san irinsa ba, har yau mafi yawansu rigar roba suke sawa a bakin aiki, irin wadda ake kira PVC. Dalilinsu shi ne namu: ba ta shan ruwa ko kaɗan, ƙarni ba ya kama ta sosai, da an watsa mata ruwa ta fita tas, in ta huje kuma ana yi mata faci. Bambancinta da ledar da kake saye yana ciki. Juya ta. Ta kirki za ka ga saƙar zare a bayan robar, shi ne yake hana ta ɓarkewa in ƙugiya ta kama ta. Wadda ciki da waje duk santsi ne, ja ɗaya take jira.

Inda riga take fara yoyo kuwa ba jikinta ba ne, wurin haɗi ne. Duk inda allura ta bi ta bar rami. Ka duba kafaɗa, hammata, da inda hula ta haɗu da wuya, domin nan ruwa yake taruwa. Mafi kyau ita ce wadda aka narka gefe da gefe da zafi aka haɗe, babu zare sam. Mai bi mata ita ce wadda aka ɗinka sannan aka bi bayan ɗinkin da wani siririn tef aka liƙe. In ka ga zare tsirara daga ciki, ajiye ta ko da an rage maka rabi. Ɗaga ta sama ka kalli rana ta cikinta, duk inda haske ya leƙo ruwa ma zai leƙo. Kuma in ta yi maka tsawo kada ka kai wa tela ya rage, keke zai jera mata ramuka. Mai faci ya fi shi amfani a nan.

Wani lokaci za ka ga lamba a jikin takardar da ke maƙale da rigar, kamar 5,000mm ko 10,000mm. Ana ɗora dogon bututu a kan yadin a yi ta zuba ruwa har ya fara tsattsafowa, tsayin ruwan shi ne lambar, wato 10,000mm mita 10 ke nan. Ga wanda yake zama da durƙuso a jiƙaƙƙen katako, kada ta gaza 10,000mm ɗin nan. Sai dai ni ban cika yarda da takarda a kasuwanninmu ba, kowa yana iya buga ta. Hannunka da idonka sun fi ta gaskiya.

Yanzu ga abin da mai shago ba zai sani ba, sai wanda ya taɓa riƙe birgi. Ka ɗora raga a kafaɗa da gwiwar hannu, ka juya ka saki, sai idon raga ɗaya ya sarƙe a maɓalli ko kan zif. Ragar ta faɗa a dunƙule, dalmar bakinta ta fizge ka, kai kuma kana tsaye a bakin kwale-kwale. Saboda haka gaban riga ya zama sumul: babu maɓallai a waje, babu igiya mai reto, babu aljihu mai baki a buɗe. Wadda ake zurawa ta ka ta fi. In mai zif ce, zif ɗin ya zama na roba, da marfi a kansa. Bakin hannu ya kama wuyan hannunka, in ba haka ba duk ɗaga ragar da ka yi ruwa zai gangara har hammata. Hular kuma ka gwada ta a wurin, ka waiga dama da hagu. In kanka ya juya ita ta tsaya, za ta rufe maka ido ranar da hadari ya taso kana neman gaɓa.

Maganin zufa shi ne yalwa. Ɗauki wadda ta ɗan fi ka girma don iska ta riƙa shiga ta ƙasa, ka sa riga marar nauyi a ciki, irin ta 'yan ƙwallo, wadda ba ta riƙe ruwa kamar auduga. Wannan yalwar za ta yi maka rana da hunturu, lokacin da za ka so cusa rigar sanyi a ciki kafin fita duban kalli da asuba. Tsawonta ya tsaya a ƙugu ko ƙasa kaɗan, ka haɗa da wandonta. Doguwar nan ta 'yan acaɓa mai kaiwa ƙwauri ba ta jirgi ba ce, in mutum ya faɗa ruwa naɗe masa ƙafafu take yi. Launi kuma ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, wanda za a hango daga nesa. Kada ka damu da cewa kifi zai gan ka, ruwan damina a gurɓace yake.

Bayan aiki ka ɗauraye ta da ruwa zalla, ka rataye a inuwa. Rana tana busar da roba har ta tsattsage, fetur ma yana cin ta, don haka kada ta kwana kusa da jarka. Kada ka ninke ta da danshi. Masu zuwa su a bakin teku wajen Legas su ƙara kula da ɗauraya, gishiri ba ya barin zif ɗin ƙarfe.

Na san Basarke ba ya son a yi masa maganar iyo, amma rigar ruwa ba ta ɗaga mutum, nauyi ma take ƙara masa, balle in ya haɗa da dogon takalmin roba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da itatuwa, kututturansu suna nan a ƙasa, kuma ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba. Rarar kuɗin da za ka samu in ka bar ta gwanjon nan, ka sayi rigar kariya daga nutsewa da ita. A saman rigar ruwa ake sa ta, ba a ciki ba. Ka gwada su tare kafin ka biya, ka ɗaure, ka cusa bakin igiyoyin ciki don kada raga ta kama su, sannan ka ɗaga hannu kamar za ka yi jifa ka ji ko kafaɗarka tana sakewa.