Tambayoyinku: Ina yawo da wayata ina ɗaukar bidiyo, ta ina kuɗin ke shigowa?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa duk kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai ci moriyar tafiye-tafiyen da yake yi yana ɗauka da waya, don haka na haɗa su waje guda.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Bauchi, ina ɗora bidiyon Yankari da ruwan Wikki da wasu garuruwanmu a YouTube, mabiyana sun ɗan haura 300. Don Allah yaushe za su fara biyana, kuma ta yaya kuɗin zai iso hannuna?

Amsa: Barka kadai ƙanena, Allah ya yi jagora. YouTube ba ya fara raba maka kuɗin talla sai ka shiga shirinsu na abokan hulɗa, kuma Najeriya da Ghana duk suna cikin ƙasashen da aka buɗe wa. Sharaɗin shi ne mabiya 1,000, sannan ko dai awa 4,000 na kallon dogayen bidiyoyinka a cikin wata 12 da suka wuce, ko kuma kallo miliyan 10 na Shorts, wato gajerun bidiyoyin YouTube, a cikin kwana 90. Yawancin yaranmu mabiyan suke ta bi suna roƙo a kowane guruf, alhali awannin kallon ne ke riƙe mutum, kaga awa 4,000 minti 240,000 kenan, in matsakaicin mai kallo yana zama minti 4 a bidiyonka to kana buƙatar kallo 60,000 kafin ka cika. Shi ya sa bidiyon da ya nuna ruwan Wikki kawai da kiɗa a ƙasa ba ya kai mutum ko'ina, daƙiƙa 30 an gani an wuce. Amma in ka fara daga tasha a cikin Bauchi, ka faɗi nawa ka biya mota, awa nawa aka yi a hanya, nawa ne kuɗin shiga, ɗakin kwana ya yake ciki da banɗakinsa, da wane lokaci aka fi dacewa da ganin giwaye, wanda ke shirin kai iyalinsa zai zauna ya kalla har ƙarshe kuma ya tura wa ɗan'uwansa.

In an karɓe ka, a dogon bidiyo kaso 55 cikin 100 na kuɗin tallar naka ne, a Shorts kuma kaso 45 na abin da ya faɗo a rabonka. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya saka masa talla a tsakiya. Kuɗin ta AdSense yake biyowa, wato tsarin biyan kuɗin talla na Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, to a nan ne mutanenmu ke yawan maƙalewa. Idan abin da ka tara ya kai dala 10 Google zai aiko maka da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshinka, saboda haka tun ranar farko ka rubuta adireshin da wasiƙa za ta iya samu, ko akwatin gidan waya na wani ofis da ka amince da shi, kar ka rubuta "bayan masallacin Juma'a" ka zauna jira. Sunan da ka sa ya zama daidai da na katin shaidarka da na asusun bankinka harafi da harafi. Ba sa turo kuɗi sai ya kai dala 100, kuma tsakanin 21 da 26 ga wata suke turawa, gara ka buɗe asusun dala a banki tun da wuri. Akwai kuma fom ɗin haraji na Amurka da za ka cike a cikin AdSense ɗin, kar ka tsallake shi, in ka cike za a cire har kaso 30 daga abin da ka samu ta masu kallo na Amurka kaɗai, in ka ƙi cikewa suna iya cire har kaso 24 daga duk abin da ka samu a duniya.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas nake yi, wani lokacin har Fatakwal. Yarana sun ce in riƙa ɗaukar hanya ina sakawa. Wayata ƙarama ce, sai na sayi kyamara?

Amsa: Baba ba sai ka sayi kyamara ba, wlh abin da ke kanka na sanin hanya ya fi kyamarar tsada, don ba kowa ya san inda ake samun abinci mai kyau a Mokwa ko yadda ake kwana a gosulo a Jebba ba. Abu na farko dai, kar ka riƙe waya kana tuƙi, ka sa yaron mota ya ɗauka ko ka bari sai an tsaya. Ka kwantar da wayar in dogon bidiyo ne, ka saita ingancin hoton a 1080, ka rabu da 4K mai nauyi don zai cinye maka ma'aji da caji da data a banza. Kuɗin da za ka kashe ka sa shi a ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga da fawa banki mai kyau, mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba sa haƙuri da murya da iska ta cinye. Ka kashe rediyon mota kafin a fara ɗauka, in waƙar wani ta shiga ciki na'urar YouTube mai suna Content ID za ta gane ta, kuɗin bidiyon ya tafi wajen mai waƙar. Sannan shingen jami'an tsaro da barikoki ka sauke wayar gaba ɗaya in kun zo wajen.

Tambaya: Malam ni mace ce daga Zariya. Ina ɗora bidiyon wuraren da nake zuwa a Facebook, na je Kano na ɗauki marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, na je Katsina da Daura. Ana kallo sosai amma abin da ke shigowa ko kuɗin mota bai mayar min ba. Ko an rufe min wani abu ne?

Amsa: 'Yar'uwa ba a rufe miki komai ba, kuma wannan tambayar taki ita ce na fi so kowa ya tsaya ya karanta. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta buɗe wa masu ƙirƙira na Najeriya da Ghana samun kuɗin talla a Facebook a tsakiyar 2024, mutane da yawa suka ɗauka shi kenan an fara albashi. Yadda abin yake shi ne kamfanoni ne ke gasar sayen gurbin talla, kuma farashin ya danganta da inda mai kallo yake zaune da kuma ƙarfin aljihunsa a idon mai tallar. Kallo 1,000 daga Amurka ko Ingila ya ninka kallo 1,000 daga Kaduna ko Maradi a kuɗi nesa ba kusa ba, ke kuma da Hausa kike magana, masu kallonki mu ne. Wannan bai zama dalilin da za ki bar Hausa ba, ni a ganina ma nan ne ƙarfinki yake, sai dai ki daina kallon kuɗin talla a matsayin uwar riba, ki ɗauke shi a matsayin gyara da ake ƙara wa mai saye bayan an gama awo.

Ainihin abin da kike da shi na sayarwa shi ne yarda. Matar da ke son zuwa Kano sayayyar kayan ɗaki ko kai yara Gidan Makama da Dutsen Dala tana son wadda za ta gaya mata gaskiya da yarenta, wane masauki ne mace za ta kwana hankali kwance, akwai wajen sallah, akwai ruwa, wutar tana kaiwa asuba. Daga nan hanyoyi ke buɗewa. Masu otal da gidajen abinci da kamfanonin mota za su iya biyanki ki nuna wajensu, amma kar ki jira su neme ki, ki shiga wajen alƙaluman shafinki ki ɗauko hoton allo da ke nuna yawan masu kallo da garuruwansu da shekarunsu, ki haɗa a shafi ɗaya da farashinki ki tura wa manaja. Mai otal a Kano in ya ga rabin masu kallonki daga Kaduna da Abuja da Zariya suke, ya san baƙinsa ne. Kwana kyauta ba biya ba ne, yana rage miki kashe kuɗi dai, in za su yi amfani da bidiyon a nasu shafin ki caje su daban kuma a rubuta yarjejeniyar ko da a WhatsApp ne. Ki riƙa faɗa wa masu kallo cewa wannan an biya ki, a YouTube ma akwai wajen da ake dannawa don bayyana haka. Kuma in wajen bai yi miki ba ki mayar musu da kuɗinsu, ranar da kika yabi ɗaki mai kuɗin cizo wata ta je ta kwana a kan maganarki, kin rasa ta da duk ƙawayenta. Kamfanonin Umara suna neman irinku sosai, kafin ki tallata kowanne ki tabbatar yana da lasisin hukumar alhazai ta NAHCON, don kuɗin da mutane ke zubawa a nan guminsu ne na shekaru.

Akwai kuma kamasho, wato kamfani ya ba ki linki na musamman, duk wanda ya bi ta kai ya saya a ba ki kaso, shafin kama ɗakin otal na Booking.com da na sayayya na Amazon suna da irin wannan tsarin. Gaskiya a wajenmu bai cika kawo abin kirki ba tunda yawancin mutanenmu kiran waya suke yi su kama ɗaki, abin da ya fi aiki shi ne ki yi irinsa kai tsaye da mai marina ko mai turaren wuta ko mai otal, duk wanda ya ce daga wajenki yake a rage masa wani abu ke kuma a ba ki naki. Wanda na fi ganin yana da albarka shi ne shirya tafiya ta rukuni, ki tara mata 10 ko 14 a bas ɗaya, ki shirya mota da masauki da abinci da mai yi musu bayani, ki ɗora ladanki a kai. Hawan Sallah na Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024, akwai 'yan kudu da Hausawan Ghana da Kamaru da ke son ganin Hawan Daushe amma ba su san ta inda za su fara ba. Aiki ne mai nauyi don amanar rayuka ce, sai kin bincika lafiyar hanya sosai kuma a yi tafiyar da rana.

Tambaya: Wani ya ce in ba shi kuɗi ya cika min mabiya 1,000 da awanni cikin sati ɗaya, in yi?

Amsa: Kar ka yi ɗan'uwa. Mutum ne ke duba tashar kafin a karɓe ta, na'urarsu kuma tana share mabiyan bogi, abin na iya kaiwa ga rufe tashar. Haka ma danna tallar kanka ko sa abokai su riƙa danna maka, da kwaso bidiyon wasu ka ɗora, duk suna hana biya.

Tambaya: Ni hoto na fi iyawa ba magana a bidiyo ba, ina da na masallacin Agadas da fadar Damagaram da hasumiyar Gobarau. Ana sayen hoto?

Amsa: Ana saya, shafukan sayar da hotuna irin su Shutterstock da Adobe Stock suna karɓa daga hannun kowa in hoton ya cika sharaɗi. Adobe na ba da kaso 33 a hoto, Shutterstock daga kaso 15 zuwa 40, amma ka sani wani saukewar santi 10 na dala kawai za ka samu, sai ka tara hotuna da yawa abin ke taruwa. Damarka ita ce hotunan yankinmu masu kyau ba su da yawa a can, ka rubuta sunan wajen daidai da bayaninsa da Turanci don da shi ake nemowa. In fuskar mutum ta fito sosai kuma ana so a yi talla da hoton, dole sai ya sa hannu a takardar amincewa, ko ba don dokarsu ba ma bai dace ka ɗauki matan mutane da yaransu ba tare da izini ba. Ka ajiye asalin hotunan, wanda ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi ba za su karɓa ba. Na'ura mai tashi da kyamara kuwa a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kar ka saya ka tayar haka kawai.

Tambaya: An turo min imel daga wani kamfanin waje wai za su ba ni dala 500 in tallata su, sun ce in sauke wani fayil in ga yarjejeniya. In buɗe?

Amsa: Kar ka buɗe. Wannan ita ce babbar hanyar da ake sace tashoshi yanzu, fayil ɗin in ya buɗe a kwamfuta yana kwashe shaidar shigarka daga burauza, ɓarawon ya shige asusunka ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. Ka duba adireshin da aka turo da shi, ka je shafin kamfanin na asali da kanka ka tambaye su ko su suka aiko, in yarjejeniyar gaskiya ce za su iya rubuto ta a jikin imel ɗin. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunka na Google da na Facebook yau ɗin nan, ka kuma ware imel ɗin da kake ba mutane daban da wanda ka buɗe tashar da shi. In har ka riga ka buɗe fayil ɗin, ka ɗauki wata wayar ka canza kalmar sirri, ka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, sannan a goge kwamfutar a sake loda mata komai kafin ka ƙara shiga da ita.