Ga mai tambaya kan mussar da ta kusa haihuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce cikin mussarki ya yi girma ƙwarai, tun jiya ta ƙi abinci, sai shiga durowar kaya take tana tona tufafi tana kuka, kina tambaya ko ciwo ne a nemo mata magani. Don Allah kada ki ba ta ko ƙwaya ɗaya, musamman farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ɓarin ƙwaya ma yana iya kashe ta. Abin da kika lissafa duk na mai shirin haihuwa ne.

Tun ina amarya ba a rasa mussa a gidanmu a unguwar Mabera nan Sakkwato, kuma na zauna kan haihuwarsu sau da dama. Cikinsu wajen kwana 63 zuwa 67 ne, wato mako tara ko da ɗan ɗoriya. A makon ƙarshe in ta kwanta a gefe za ki ga ɗiyan suna motsi ta fatar ciki. Nonuwan sun cika, wani lokaci ruwan nono ya fara ɗigowa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ƙin abinci da neman lungu su ne na kusa-kusa, yawanci ba ta wuce kwana guda bayan haka. In kina da ma'aunin zafi, zafin jikinta da ya saba zama digiri 38 zuwa 39 yakan sauka ƙasa da 37.8, amma ni ban damu da awon ba, don kama ta ma tayar mata da hankali ne. Ido ya isa: yawan lasar gabanta, haki, kai-komo, ta tashi ta kwanta.

Yau ɗin nan ki samo kwali mai faɗi, ki shimfiɗa tsofaffin zannuwa masu tsabta, ki ajiye kusa da inda ta zaɓa da kanta, da ruwan sha a gefe. Ki lura da zafin nan namu na Afrilu da ke haura 40. Ɗakin ajiya mai rufin kwano ba wurin jego ba ne yanzu, ki nemi inda iska ke ratsawa. Da hunturu ne da akasin haka zan ce miki, don jariran ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu a makonnin farko. Ki hana yara leƙe, ki kuma kori muzuru.

In naƙuda ta kankama za ki ga cikin yana matsewa tana yunƙuri, faya ta fashe, ɗa ya fito cikin jakarsa. Ita za ta yage jakar, ta lashe shi har ya yi kuka, ta yanke cibiya da haƙori, ta cinye mabiyiya. Kada ƙyama ta sa ki hana ta. Wani ɗan da ƙafafun baya yake fitowa, wannan ba matsala ba ne. Tsakanin ɗa da ɗa minti 10 zuwa awa guda ne galibi, kuma takan huta awanni tana shayar da waɗanda suka fito alhali da saura a ciki. Muddin tana kwance lafiya ba ta nishi, ki bar ta. Ki dai ƙirga mabiyiya, kowane ɗa da tasa.

Inda ba a jira shi ne nake so ki riƙe, don a nan na taɓa yin asara. Wata farar mussata ta yi ta yunƙuri mai ƙarfi tun bayan isha'i ba abin da ya fito, na ce bari gari ya waye. Da asuba ta galabaita, ashe ɗan fari ne ya maƙale a hanya. Uwar ta tsira a hannun likita, ɗiya biyu suka tafi, kuma har yau abin na ci mini rai. Saboda haka in ta yi minti 20 zuwa 30 tana yunƙuri babu ɗa, ko kika ga ɗa ya leƙo ya tsaya, ko jini yana zuba sosai, ko ruwa mai wari ko kore ya fito tun ba a haifi ko ɗaya ba, ki ɗauke ta cikin kwalinta zuwa likitan dabbobi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato. Ki nemi lambar wani likita tun yau, don sau da yawa cikin dare abin ke zuwa. Kada ki ja ɗan da ƙarfi, kada kuma a yi mata allurar naƙuda a gida.

Bayan ta sauka ki tabbata kowanne ya kama nono ya sha dakashi a ranar farko. Ki ƙara mata abinci, kifi dafaffe marar ƙaya da nama, don mai shayarwa cinta ya ninka. Madarar shanu takan sa su zawo, ruwa mai tsabta ya fi. Allah ya sauke ta lafiya, ki sanar da mu nawa ta haifa.