Tambaya da Amsa: Wai garkuwa abin kirki ce ko abin tsoro?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina neman ƙarin bayani. A asibiti sai ka ji ana cewa allurar rigakafi tana ƙara garkuwar jiki, a labarai kuma kullum masu garkuwa da mutane, ga shi a garinmu kwanan nan sarki ya naɗa wani attajiri sarautar Garkuwa har da kaɗe-kaɗe. Kalma ɗaya ce ko dai kama ce kawai suka yi? Daga wata mai karatu a Azare.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Kalma ɗaya ce tilo, kuma daga fagen fama ta fito. Garkuwa ita ce faffaɗar fatar nan busasshiya da mayaƙi ke riƙewa a hannun hagu, mashi ko takobi na dama, in an harbo kibiya ko an kawo sara sai ya tare da ita. Wadda aka fi ji da ita a da ita ce ta fatar warwaji, wani naman daji na sahara mai dogayen ƙaho, Buzayen Azbin su ne gwanayenta, tana da girman da mahayi zai ɓuya bayanta tun daga kafaɗa har gwiwa yana kan sirdi.

Toh in kin riƙe wannan sauran duk mai sauƙi ne, garkuwa dai abin da ka sa tsakaninka da cuta ne. Garkuwar jiki tana tare ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake ce wa ƙanjamau cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda sarki ya naɗa Garkuwa kuma ana nufin shi ne zai tsaya wa gari in abu ya taso, ko da yake yanzu kam yawanci aljihu ake dubawa ba ƙirji ba, amma wannan zancen wata rana ne.

Inda abin ya juya shi ne wajen ɗan ƙaramin "da" ɗin nan. In na ce wane garkuwata ne, yabo ne, da kansa ya tsaya min. In kuwa na ce wane ya yi garkuwa DA ni, to ni ce fatar, ni ya sa a gaba don kada a taɓa shi. Ɗan bindigan da ya kwashi mutane ya shige daji da su ya san jirgi ba zai yi saurin sako masa bam ba muddin suna hannunsa, kuma ya san dangi za su sayar da gona su kawo kuɗin fansa, kin ga ai ma'anar ba ta canza ba ko kaɗan, wanda aka mayar garkuwar ne ya canza. Ni a ganina ma kalmar ta fi "satar mutane" faɗin gaskiyar abin.

Tunda kin taɓo nan bari in ɗan ƙara miki, don ba garkuwa kaɗai ce ta sauko daga kan doki ta shiga bakinmu ba. Linzami ƙarfen da ake sa wa doki a baki ne a juya shi, yau ga makami mai linzami a labaran duniya, wato wanda ake sarrafa shi har ya kai inda aka nufa. Ragama igiyar da ake jan doki da ita ce, sai ga gwamna ya karɓi ragamar mulki. Ƙaimi na dunduniyar mahayi ne, da shi yake tsikarar doki, amma kowa na cewa a ƙara ƙaimi har wanda bai taɓa hawa ko jaki ba. Likkafa kuma inda ake zura ƙafa, in aka yi wa mutum ƙarin girma a ofis sai a ce likkafa ta ci gaba. Da yawansu ma aro ne daga Larabci, sirdi daga sarj, linzami daga lijam, likkafa daga rikab.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne lifidi, don shi bai bar doki ba har yau. Riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke ta gida-gida, a sa wa doki a sa wa mahayi, kibiya ta zo ta maƙale a ciki ba ta kai fata ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Matsalarsa nauyi, ɗan lifidi sai an taimaka masa ya hau, in ya faɗo kuwa tashi sai an ɗaga shi, ga shi abokan gaba sun gane laƙaninsa suna harbo kibiya mai wuta. Bindiga mai ruwa ta Turawa a 1903 ita ta gama da zamaninsa a yaƙi. In kina son ganinsa da idonki ki je hawan Daushe a Kano, za ki ga 'yan lifidi kusa da sarki dawakansu a lulluɓe har ƙirji, ido kawai ake gani.

TAMBAYA: Malam Madaki da Madawaki sarauta biyu ce? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Ɗaya ce, Madaki gajartawa ce kawai, kuma dawaki ne a cikin sunan, shi ne shugaban mahaya a yaƙi. A Zazzau a da shi ke jan runduna, a Kano yana cikin masu zaɓen sarki tare da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Amma kar ka ɗauka ko'ina haka ne, a Katsina Ƙaura ne babban mai yaƙi, a Borno kuma Kaigama.