Sista, ku ware kuɗin bibiya bayan bita

Wa alaikumus salam Sista. Kin tambaya ko kuɗin da kunka samu ku yi bitar kwana biyu da su kan hirar zaburarwa, MI ɗin nan da ake yi da masu shaye-shaye, inda ake sauraron mutum ya kawo dalilin canzawa da bakinshi maimakon a yi mishi nasiha, ko ma'aikata su yi kwas ta intanet. Ni dai shawarata kada ku zube kuɗin duka ga ko ɗaya.

Sau biyu ina shiga bita nan Sakkwato kuma ranar da anka ƙare ji nike na iya. Bayan wata uku wani babba nawa ya ce in nemi izinin majinyaci in ɗauki hirarmu a waya. Yaro ne da mahaifiyarshi ta kawo kan kodin da tiramol. Da munka saurara kusan duk maganar ni na yi, haram ne, za ka lalata rayuwarka, dubi hawayen uwarka, shi ko "to" kawai yake cewa har munka tashi. Bai dawo ba, har yau abin na damuna.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. William Miller, wanda ya faro wanga salo a 1983, ya gwada ma'aikata 140 a Amurka, sakamakon ya fito 2004. Wasu littafi da bidiyo anka ba su, wasu bita kawai, wasu bita sannan a saurari hirarsu a gyara musu ko a riƙa kiransu a waya. Masu littafi kusan ba su canza ba, masu bita kawai sun ɗaga amma bayan wata huɗu sun fara komawa gidan jiya, waɗanda anka bibiya su sunka riƙe abin.

Mu nan nasiha a jininmu take, kwana biyu ba su cire ta. Kwas na intanet zai koya miki sunayen abubuwa amma ba mai jin yadda kike magana da yaro, ga cin data.

Ku yi bitar, da Hausa ba Turanci ba tunda da Hausa za ku zauna da majinyatan. Sannan duk wata kowa ya kawo rikodin hirarshi da majinyaci na minti 20, ku ƙirga sau nawa ya yi tambayar da ba e ko a'a ba, sau nawa ya maida ma yaro maganarshi don ya ji ta da kunnenshi. Ku nemi izini tukuna, ba suna, kuma ku goge da zarar kun gama, garin nan kowa ya san muryar kowa.